Ko Kumasi Tana Zaunuwa

Tun da na dawo daga Gana bakina bai huta ba. A kasuwa, kafin in auna wa mutum agushi sai na ba shi labarin boda. A gidan suna, kafin a miƙo mini kwano sai na faɗi abin da mutanen can suke ci. Maman Blessing, maƙwabciyata a rumfa, ta fi kowa naci. Kullum da safe kafin ta shimfiɗa tumatirinta sai ta ce, "Abeg, Anti Habi, ka gama ba ni labarin Gana mana, jiya ka tsaya a wurin teku." Na gaji da yankan labarin gunduwa-gunduwa, shi ya sa na ce bari in zauna in zuba shi gaba ɗaya. Waɗanda suka san abin da ya kai ni kuwa, tasu tambayar daban ce, su ma in sun yi haƙuri za su ji amsa.

Ƙanena Sabo makaniki ne a Kumasi, ya daɗe a can har ya yi aure. Bara da damina matarsa Ramatu ta rasu, ta bar 'ya ɗaya mai shekara biyar. Sunan mahaifiyarmu aka sa wa yarinyar, don haka Ummi muke ce mata. A wurinmu, in uwa ta rasu ta bar ƙaramar yarinya, gwaggo ce mai riƙo, ba a ma tsayawa shawara. Ni ce gwaggon. Ni kuma Allah bai ba ni haihuwa ba, maigidana ya rasu, muna zaune ni da mahaifiyarmu Inna a Bukan Sidi, cikin Lafia, ɗakuna sun fi mutane yawa. Ina son yarinyar nan tun ban gan ta ba. Na sayi ƙaramar katifa, na kai ɗinkin riguna ban san tsawonta ba, har malamin Islamiyyar unguwarmu na sanar da shi cewa yana da baƙuwa. Sabo kuwa, da na kira shi, cewa ya yi, "Yaya, duk abin da kuka yanke ke da Inna, shi ke nan."

Da safiyar da zan tafi, ina ɗaure jaka, Inna ta kira ni bakin ƙofarta.

"Habi, ba ɗauko ta na aike ki ba fa. Ki je ki duba mini wurin. In yana zaunuwa, ki bar ta. In ba ya zaunuwa, ki taho da ita."

Duk wanda ya zauna da Inna ya san kalmar nan a bakinta. Mu in muka ce wuri yana zaunuwa, muna nufin akwai ruwa, akwai hanya, rufi ba ya yoyo. Ita ba haka take aunawa ba. A wani ƙauye bayan Assakio aka haife mu, ƙasa mai albarka, doya kamar cinya, rafi ba ya ƙafewa. Shekarar da aka yi tashin hankali, tun ba a ƙona bukka ko ɗaya ba, Inna ta ce wa Baba garin ya daina zaunuwa, saboda maƙwabciyar da take zuwa ɗiban wuta kullum ta wuce ta ƙofarmu ba gaisuwa. Rumbu cike muka bar shi. Da muka sauka Bukan Sidi kuwa, lokacin ba famfo ba lantarki, sai ciyawa da macizai, ta duba hagu ta duba dama ta ce zai zaunu.

Na ce, "Inna, to ni da me zan auna?"

Ta ce, "Ke da kike wuni kan mudu, ni za ki tambaya?"

Na ce to. A raina na ce wannan ai mai sauƙi ne: ni zan je, ni zan gani, ni zan kawo rahoto.

Da Hajiya Delu muka tafi, mai fataucin atamfa da takalma, wadda kakanninta Kanawa ne amma a Lafia aka yanke cibiyarta. Ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Ita ta sa na yi fasfo, ta kai ni aka yi mini allurar rigakafin shawara aka ba ni kati, ta kuma yi mini gargaɗi cewa a boda baki na rufewa ne. A tasha ta ga kayana ta riƙe haɓa. Inna ta haɗa daddawa, ƙuli-ƙuli, man riɗi, sannan ga wata ƙatuwar doya guda a buhu.

"Habi, doya za ki kai Gana? Su da suke loda ta a jirgi?"

"Inna ce ta ce Sabo ya ɗanɗana ta gida."

"To ki goya ta, tun yanzu ki fara koyon raino."

Hanyar Legas ba abin faɗi da yawa, sai ciwon baya. Akwanga, Keffi, Lokoja inda muka ci soyayyen kifi da ya fi kifin kasuwarmu girma amma bai kai shi daɗi ba. A Legas muka sauka Agege, gidan wata 'yar'uwar Hajiya, inda fatake mata suke kwana a babban ɗaki, kowace ta yi matashi da jakarta. Wata Basakkwatiya ta ji ina magana ta tashi zaune ta ce, "Ke, wagga wace irin Hausa ta?" Na ce irin ta Lafia ce, wadda muke sayar da ita ga Eggon da Tibi da Alago duk su saya. Ɗakin ya ɗauki dariya, ita kuma ta ba ni fura don mu shirya. Kafin mu tashi ta koya mini yadda ake ɗaure kuɗi a ƙugu, na koya mata yadda ake gane agushin da aka jiƙa don ya yi nauyi.

A Seme, bodar shiga Benin, na fara jin kunya. Don kada katin rigakafi ya ɓata, na cusa shi a cikin ledar daddawa, wurin da na tabbata ba mai sa hannu. Kwana biyu yana ciki a cikin zafin mota. Da jami'in ya ce a kawo kati, na kwance leda a kan teburinsa, sai duk wanda ke ofishin ya ɗaga kai. Ya karɓi katin da yatsa biyu, ya nisanta shi da fuskarsa, ya ce, "Madam, na wetin die inside?" Wai me ya mutu a ciki. Na ce daddawa ce. Wata abokiyar aikinsa, da alama 'yar arewa ce, ta fashe da dariya ta ce ya bar baiwar Allah ta wuce, miya ce. Ban taɓa ganin an buga hatimi da sauri haka ba. Doya ma sai da aka tambaye ni ko ta sayarwa ce, na ce guda ɗaya wa zan sayar wa.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk da riga ruwan ɗorawa, ga mata da dogon takalmi suna tuƙa nasu, jaka a kafaɗa, ko a jikinsu. Burodinsu dogo ne siriri kamar muciya, ɓawonsa yana yanka dasashi; na tambayi Hajiya ko na jiya ne, ta ce haka ake son shi. Daga nan Faransanci ya rufe mini kunne, na zama kurma har muka shiga Togo. A Lome hanya ta bi bakin teku. Ni da babban ruwana shi ne Binuwai a gadar Makurɗi, na leƙa taga ina neman ɗaya gaɓar, ban gani ba. Na ce wa Hajiya a dawowa zan sa Ummi a bakin taga ta gani, kuma zan saya mata wannan burodin don mu yi dariya tare. Na ci gaba da zuba: inda katifarta za ta kwanta, wanda zai yi mata kitso, ranar da zan fara kai ta kasuwa.

Hajiya ta bari na gama, sannan ta ce, "Habi, yarinya fa ba atamfa ba ce da za ki naɗe ki sa a jaka."

Maganar ta ɓata mini rai. Ita mai 'ya'ya shida, me ta sani? Ban ƙara ce mata uffan ba har Aflao, bodar Gana, inda dole na yi magana don ban san layin da zan bi ba. A nan ake sauka a tsallaka da ƙafa. Na ɗora buhun doya a ka, jaka a hannu, ga masu canji suna bin mu, ga rana. Wani jami'i ya sake tambayar doyar. Na ce da shi ta yi tafiyar da ni kaina ban taɓa yi ba, ya bar ta ta ƙarasa.

A Akra muka rabu da Hajiya, ita za ta shiga kasuwa, muka yi alkawarin haɗuwa a dawowa. Kafin nan ta saya mini dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, da barkono da kifi. Lomar farko na ce ya lalace, a mayar. Ta ce in ci, tsamin shi ne daɗin. Zuwa loma ta biyar na daina gardama. Motar Kumasi kuwa kamar a gida: mai wa'azi ya tashi ya yi nasa, ya zauna, mai maganin basir ya tashi. Ranar Asabar ce, duk garin da muka ratsa sai ka ga rumfuna da mutane cikin baƙi da ja, ana kiɗa, ga hoton mamaci ƙato a bakin titi. Wannan bai ba ni mamaki sosai ba, don maƙwabtanmu ma sukan ajiye gawa a asibiti har dangi su taru. Abin da ban saba gani ba shi ne yawansa, kamar duk ƙasar ta haɗa baki ta yi jana'iza rana ɗaya.

Sabo yana jirana a tasha. Rabona da shi yana saurayi, na same shi da furfura a gemu, farce baƙi ƙirin da man mota. Ya durƙusa ya gaishe ni, na yi masa gaisuwar Ramatu. Ya ɗauki buhu ya ji nauyi ya ce mene ne. Na ce doyar Inna ce. A daidai lokacin muna tsaye ne kusa da tulin doya da ya fi ni tsawo. Bai yi dariya ba. Ya rungume buhun a ƙirji, haka ya riƙe shi har gida, washegari ya dafa ta da kansa ya ci da man riɗi, bai ba kowa ba sai Ummi.

Unguwarsu zango ake ce mata. Kakannin mutanen wurin fatake ne da suka zo sayen goro da niyyar kwana kaɗan, ga shi jikokin jikoki suna nan, har yau ba a canza wa wurin suna ba. Hausarsu kuwa ta sa na tuna Basakkwatiyar Agege, don a nan ni ce malama. Kowa "ka" ne, mace da namiji, kamar dai Maman Blessing. Gidan da Sabo yake haya babba ne, ɗakuna a zagaye, kowane ɗaki iyali guda. Famfo ɗaya. Banɗaki sai an bi layi da bokiti. A ƙofar gida ga kwata tana wari, ga rediyo, ga injin niƙa, ga masallaci ta gabas, coci ta yamma. Ɗakin Sabo ɗaya ne, labule ya raba shi biyu. Na tsaya na ƙare wa wurin kallo, na ji wani sanyi a raina. Na ce alhamdu lillahi, ba ya zaunuwa.

Ban gama ajiye mayafi ba aka ce mai gida tana kira. Mami Akos sunanta, tsohuwa 'yar Asante, mai sayar da busasshen kifi, gajera mai faɗi. Aka ba ni kujera a tsakar gida, aka ba ni ruwa, sannan duk matan gidan suka jero suna ba ni hannu ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa hagu. Wata mai suna Memuna, haifaffiyar zango mai sayar da koko, ita ce tafinta.

"Mami ya ce sannu da zuwa. Ya ce mun san abin da ya kawo ka, amma al'ada ne sai mun tambaya. Mene ya kawo ka?"

Mu a gida, baƙo sai ya huta, ya ci, ya kwana, shi da kansa zai kwance bakin jakarsa. Su kuwa a gaban kowa ake tambaya, tun ƙurar hanya tana ƙafarka. Sai na faɗi aiken yadda aka ba ni: mahaifiyata ta ce in duba ko wurin nan yana zaunuwa, in ba ya zaunuwa, in tafi da Ummi.

Memuna ta daɗe tana juya maganar kafin ta mayar da ita yarensu. Mami Akos ta gyaɗa kai a hankali, ta ce an ji.

Washegari da safe ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. An kwashe kwata, an wanke bakin famfo, wani yana shafa wa bangon banɗaki farar ƙasa. Da na fito da bokiti, layin gaba ɗaya ya dare aka ce in wuce. Mami Akos ta kama hannuna ta kai ni famfo, ta murɗa, ta nuna mini ruwan yana zuba da ƙarfi, ta dube ni. Ta kai ni madafa, ta kai ni inda ake shanya. Sun ɗauke ni duba-gari. Dariya ta zo mini, kunya ta danne ta.

Ummi kuwa, ranar farko bayan zanin Mami ta ɓuya, ido ɗaya kawai nake gani. Siririya ce, da giɓi a gaba, goshin Inna sak. Ƙuli-ƙuli ne ya sulhunta mu. Ta ci, ta cika aljihu, ta fita ta raba wa yaran gidan, ta dawo ta miƙo hannu ta ce, "Gogo, ƙara." Tun daga nan na zama Gogo. Rigunan da na ɗinka duk sun yi mata yawa, ta sa ɗaya tana jan ta a ƙasa tana zagaya gida ana tafa mata. Da ta gaji ta zo ta zauna a cinyata ba wanda ya ce ta zo. Ban motsa ba har ƙafata ta mutu.

Sai na sa ido a kan yadda take wuni. Sabo yana fita tun da sassafe. Koko a ɗakin Memuna take sha. Matar tela ce take yi mata wanka tare da nata 'ya'yan, su tafi makaranta. In an taso, tana rumfar kifin Mami. Abincin rana duk ɗakin da aka fara saukewa; yau wace, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, gobe fufun rogo da agade. La'asar na yi, Mami Akos, wadda ba ta fashin coci, ita ce take bin ta da hijabi a hannu tana faɗa da yarensu har sai ta ga shigarta Islamiyya. Tana ma da wata 'yar tukunya daban da ba a dafa komai a ciki sai abin da Ummi za ta ci, don kada ya haɗu da abin da Musulmi ba ya ci. Barci kuwa, inda ya kama ta.

Na ga duk wannan, amma abin da na zaɓa in gani shi ne yarinya ba ta da ɗaki ɗaya, ba ta da uwa ɗaya. Da Sabo ya dawo aiki na ce masa, "Wannan ai gantali ne. Yarinya mace tana kwana ɗaki-ɗaki? In ta girma wa zai ce ita tarbiyyarsa ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Yadda kika ce, Yaya."

"Jibi za mu tafi."

"To, Yaya." Ya fita ya gaya wa mutanen gida. Na zaci za a zo a roƙe ni, har na shirya amsoshi. Ba wanda ya zo.

Ana gobe tafiya, da hantsi, na buɗe jaka a ɗakin Sabo na ce ya kawo kayanta. Ya ɗaga labule ya miƙo mini kayan makaranta da wani zani na Ramatu. Na ce ina saura. Ya ce, "Suna zuwa."

Memuna ce ta fara sallama. Ta kawo kofin roba da matsefi da ɗan kwalbar man kitso. Ta ajiye ta ce, "Ba ya shan koko sai a wannan kofi. In za ka yi masa kitso, ka fara ta ƙeya, gaban kansa yana da zafi." Matar tela ta kawo silifa da allo da soson wanka, ta ce a kula da bayan kunnenta na hagu, yakan yi ƙurji. Wani tsoho mai gadi, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya kawo 'yar kujera da ya sassaƙa mata, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya. Daga ɗakin ƙarshe aka kawo riga, daga na kusa da famfo aka kawo 'yar tsana mai hannu ɗaya, wata ta kawo cokali. Kowa da abin da ya kawo, kowa da abin da zai faɗa mini: ba ta cin kuɓewa, tana tsoron agwagwa, in ta yi ƙarya tana taɓa hanci. Na ce ashe kayan yarinyar nan ba a ɗaki suke ba, a gida suke.

Mami Akos ce ta zo ƙarshe, da tabarma a hammata da 'yar tukunyar nan an wanke ta tas. Ba ta zauna ba. Ta yi magana a tsaye, Memuna tana mayarwa.

"Ya ce in zazzaɓi ya kama shi ba ya kuka, shiru yake yi, ka duba bayan ƙofa. Ya ce in ana ruwa da tsawa, ka riƙe masa ƙafa, ba hannu ba, ƙafa. Ranar da aka fita da mamansa ana ruwa, Mami ne ya riƙe shi haka." Memuna ta tsaya ta share hanci da bakin zani. "Ya ce kada ka ce masa mamansa ya yi tafiya. Mun gaya masa gaskiya. Yana tambaya, in ya tambaya ka amsa. Ya ce kai jininsa ne, ba mu da magana. Ya ce ka riƙe shi da kyau."

Na dubi tulin kayan. Na nemi abu ɗaya da ni na sani game da yarinyar nan wanda su ba su sani ba, ban samu ba. Na tuna gidanmu na Bukan Sidi, shararre, shiru, famfo namu mu kaɗai. Inna a kan tabarma, ni a kasuwa tun safe har yamma. In aka yi tsawa da rana ina rumfa, wa zai riƙe ƙafar?

Ummi ta shigo da gudu daga waje, ta ga kaya, ta yi tsalle ta haye kan tabarmar. Murna take yi, an gaya mata za ta shiga babbar mota. Ta ɗaga kofinta, ta ɗaga tukunya, ta dubi matan da suka cika ƙofa, ta dube ni.

"Gogo, Mami zai zauna a ina a cikin mota?"

Na tashi na ratsa su, na nufi banɗakin nan da na raina, don shi kaɗai ne wuri mai ƙofa da sakata a gidan. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar maigidana. Na yi wa kaina, ba wa Ummi ba. Ita ba abin da ya same ta. Ina ciki ina jin wani ya zo da bokiti, aka yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya koma.

Da na fito na wanke fuska a famfo, na ɗauki tukunyar da tabarmar na kai su ƙofar Mami Akos na ajiye. Wannan karon ba mu nemi tafinta ba. Ta dube ni, ta dubi kayan, sai ta kama ni ta rungume, kanta bai wuce ƙirjina ba, duk jikinta ƙamshin hayaƙin kifi. Na ce wa Memuna kowa ya zo ya ɗauki nasa. Tsohon mai gadi ne ya fara zuwa, ya ɗauki kujerarsa da sauri kamar zan canza shawara. Sabo yana zaune a bakin gado ya rufe fuska da hula. Rigunan na bar su wurin matar tela, ta ce za ta rage biyu, sauran a jira ta girma. Ummi ce kaɗai ta yi fushi, an hana ta shiga mota. Sai da babanta ya yi alkawarin kawo ta Lafia da hutu ta ga mai sunanta, sannan ta yarda ta ci abinci.

Dawowa ba ni da labarinta da yawa. A Akra Hajiya Delu ta hango ni ni kaɗai, ta dubi bayana, ta dubi fuskata. Da muka shiga mota, sai ta tashi ta ba ni wurin taga. Mun wuce teku ban ma lura ba. Masu tambaya ko na yi nadama: a'a. Masu tambaya ko ya daina yi mini zafi: shi ma a'a.

Da yamma muka shigo Lafia. Mai keke ya sauke ni a ƙofar gida, Inna tana zaune a gindin mangwaro. Idonta ya yi rauni ƙwarai yanzu, inuwa kawai take gani, amma ta ji muryata ina sallama. Ta gyara zama, fuskarta ta washe, ta miƙo hannu gaba, ƙasa-ƙasa, daidai tsawon kan yarinya 'yar shekara biyar.

"Ina takwarar tawa? Matso in ji ki."

Na tsaya. Na ce, "Inna, yana zaunuwa."

Hannun bai sauka ba. Yana nan a miƙe, ba kowa a ƙarƙashinsa. Sai na durƙusa na sa kaina. Ta shafa ɗankwalina, ta gane, ta bar hannun a wurin ta ƙara danna shi.

"Sannu, Habi," in ji ta. "Sannu, 'yata."

Muka daɗe a haka, mai keke yana tsaye da jakata a hannu bai san inda zai ajiye ta ba.